Ba a San Maci Tuwo Ba Sai Miya Ta Ƙare: Jeranta Masu Jifa a Gasar Besbol ta Takarda

Gabatarwa

A ƙasar Amurka, da zarar watan Fabrairu ya kama, ƙungiyoyin wasan besbol suka tafi jihohin Florida da Arizona don motsa jiki, sai wata kasuwa ta daban ta ci a jaridu da mujallu. Kasuwar kuwa ita ce ta jeranta 'yan wasa, watau a ce wane ne na ɗaya, wane ne na biyu, har zuwa na ɗari, tun kafin a jefa ƙwallo ko ɗaya a sabuwar kaka. Masu jiran wannan jeri su ne 'yan gasar takarda, mutanen da kan kafa ƙungiya a cikin lissafi, su zaɓi 'yan wasa na gaske, sa'an nan a riƙa auna ƙungiyar tasu da abin da 'yan wasan suka aikata a fili. A cikin jerin duka babu inda gardama ta fi zafi, kuma babu inda aka fi tafka kuskure, kamar wurin masu jifan farko. Dalilin kuskuren shi ne, yawancin masu jerin suna bin sunan da mutum ya yi bara. Abin da ya kamata su bi abu biyu ne: aikin da yake hannun mai jifa shi kaɗai, da kuma yawan aikin da hannun nasa zai iya jurewa.

Yadda Wasan Yake da Yadda Gasar Take

Wasan besbol turmi tara ne. A kowane turmi ƙungiya ɗaya tana jifa, ɗayar tana bugu da kulki, in an fid da masu bugu uku sai a yi musanya. Mai jifan farko shi ne wanda yake buɗe wasa, ya yi ta jifa har ya gaji ko a ci ƙarfinsa, sa'an nan a kawo masu karɓarsa. Babbar gasar Amurka tana da ƙungiyoyi 30, kowacce tana yin wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. Galibi kowace ƙungiya tana da masu jifan farko biyar da suke yin karɓa-karɓa, don haka mai lafiya yakan buɗe wasa 32 ko 33 a kaka.

Ita kuwa gasar takarda, a siffar da ta yaɗu, wani marubuci mai suna Daniel Okrent ne ya tsara ta, shi da abokansa suka fara ta a 1980 a birnin Niyok. Sun sa mata sunan gidan abincin da suke haɗuwa, watau La Rotisserie Française. A tsarin da ya zama ruwan dare, ana ba kowane ɗan gasa dala 260 ya sayi 'yan wasa 23 a gwanjo, tara daga ciki masu jifa. Ana auna mai jifan farko da ma'auni huɗu. Na ɗaya, yawan nasarar da aka rubuta masa. Na biyu, yawan masu bugun da ya kora da jifa uku. Na uku, matsakaicin makin da aka ci shi a kowane turmi tara. Na huɗu, yawan mutanen da ya bari suka wuce shi a kowane turmi, wanda shi ma Okrent ne ya ƙago shi. Zaɓen da aka yi a watan Maris shi zai bi mutum wata shida, ga kuɗin da ya zuba, ga kuma ba'ar abokai in ya zo na kashin baya.

Nasarar Bara Ba Hujja Ba Ce

Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin a rubuta wa mai jifan farko nasara, sai ya cika turmi biyar, sai masu bugun ƙungiyarsa sun ci maki fiye da na abokan hamayya kafin ya fita, sai kuma masu karɓarsa sun riƙe wannan rinjaye har ƙarshe. Sharaɗi biyu cikin uku ke nan ba a hannunsa suke ba.

Tarihi ya sha nuna haka. A 2010 Felix Hernandez na ƙungiyar Seattle ya yi nasara 13, aka doke shi sau 12, alhali matsakaicin makin da aka ci shi 2.27 ne kacal. Laifin na masu bugun ƙungiyarsa ne, domin a shekarar babu ƙungiyar da ta kai su ƙarancin maki. Duk da haka shi aka ba lambar Cy Young, watau lambar gwarzon masu jifa, aka bar CC Sabathia na Yankees mai nasara 21. A 2018 Jacob deGrom na Mets ya karɓi lambar da nasara 10 da matsakaici 1.70. A 2025 Paul Skenes na Pittsburgh ya karɓe ta da nasara 10, faɗuwa 10, matsakaici 1.97. A ɗaya ɓangaren kuma ga Rick Porcello na Boston, wanda ya yi nasara 22 a 2016 ya karɓi lambar, shekara ta gaba aka doke shi sau 17, matsakaicinsa ya haura zuwa 4.65. Wanda ya ɗora Porcello a saman jeri a Maris na 2017 don ya ga lamba 22, kyan masu bugun Boston ya saya da sunan kyan jifa.

Abin da Yake Hannun Mai Jifa

A 2001 wani mai nazarin lissafin wasa, Voros McCracken, ya buga wani bincike da ya girgiza masana. Ya nuna cewa da zarar mai bugu ya taɓa ƙwallo ta faɗa cikin fili, ikon mai jifa a kan abin da zai biyo baya kaɗan ne. Kusan uku cikin goma na irin wannan bugu sukan tsira, kuma wanda sa'a ta yi wa kyau bana ba lalle ta yi masa kyau baɗi ba, domin abin ya dogara ga masu tsaron fili da faɗin filin da kuma inda ƙwallon ta ga dama ta faɗi. Abin da ya fi tabbata daga shekara zuwa shekara shi ne yawan waɗanda mai jifa ya kora, da yawan waɗanda ya bari suka wuce kyauta saboda jifansa ya kauce sau huɗu. Masu nazari da suka biyo baya sun sassauta maganar McCracken, amma ginshiƙinta yana nan.

To, wannan shi ne awo na farko da ya kamata mai jeri ya riƙe, domin Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Alal misali, Tarik Skubal na Detroit ya dawo daga tiyata a tsakiyar 2023, ya yi turmi 80 kawai, da nasara 7. Mai duba nasara ba zai waiwaye shi ba. Amma a cikin turamen nan ya kori mutum 102, ya ba 14 kaɗai hanya kyauta. Shekara ta gaba sai ga shi ya fi kowa a rukuninsa nasara da kora da ƙarancin maki, watau 18 da 228 da 2.39, ya karɓi lambar Cy Young, ya sake karɓarta a 2025.

Bayan wannan sai a dubi filin da mutum zai yi rabin wasanninsa. Filin Coors da ke Denver yana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,600, iskar wurin ba ta da kauri, ƙwallo takan yi nisa in an buge ta, kuma jifa mai lanƙwasa ba ya lanƙwasa sosai. Mai jifa ko yaya gwanintarsa take, in can ne gidansa, dole a rage masa matsayi.

Juriya Ita Ce Jari

Awo na biyu shi ne wanda aka fi sakaci da shi. A shekarar da aka fara gasar takarda, watau 1980, Steve Carlton na Philadelphia ya yi turmi 304, kuma tun daga lokacin babu wanda ya sake cika 300. A 2024 mutum huɗu ne kaɗai suka kai turmi 200 a gasar gaba ɗaya: Logan Gilbert da Seth Lugo da Logan Webb da Zack Wheeler. Abin da ya yi ƙaranci a kasuwa shi ya kamata ya yi tsada. Kora da nasara tara su ake yi, wanda ba ya fili ba ya tarawa. Matsakaici kuma nauyinsa a lissafin ƙungiya daidai yake da yawan turamen da aka yi shi a ciki. Daɗin daɗawa, in gwani ya kwanta jinya, wanda za a maye gurbinsa da shi daga ragowar da kowa ya ƙi za a tsinto shi.

Babu misalin da ya fi na deGrom. A 2021 matsakaicinsa 1.08 ne, abin da ba a saba gani ba, amma turmi 92 ya yi ya tsaya. Daga 2021 zuwa 2024, kaka huɗu cur, duk turamensa in an haɗa ba su cika 200 ba. Shi kuwa Logan Webb na San Francisco, wanda jifansa bai kai na deGrom gudu ba, ya yi 216 a 2023 kaɗai, ya sake wuce 200 a 2024 da 2025. In ana maganar wanda ya fi iya jifa a rana ɗaya, babu mai haɗa su. Amma gasar ta wata shida ce, kuma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ruwa ba ya tsami banza. Matsakaicin gudun jifa mai sauri ya kai kimanin mil 94 cikin awa a 'yan shekarun nan, wasu kuma suna kai 100. Jijiyar da ke riƙe gwiwar hannu ba ta ƙaru da ƙarfi daidai da wannan gudun ba. In ta tsinke sai a yi tiyatar da ake kira Tommy John, sunan mai jifan da likita Frank Jobe ya fara yi wa ita a 1974, kuma jinyarta takan ci shekara ɗaya ko fiye. A Disamba 2024 hukumar gasar da kanta ta fid da rahoto, ta ɗora mafi yawan laifin raunuka a kan neman gudu da jifa da iyakar ƙarfi. Ke nan abin da yake sa mutum ya yi suna, shi ne sau da yawa yake kwantar da shi.

Hujjar Masu Saɓani

Akwai masu cewa wannan ra'ayi tsoro ne kawai, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Suna cewa babu mai sanin hannun da zai tsinke. Sandy Alcantara na Miami ya fi kowa yawan turame a 2022, ya karɓi lambar Cy Young, amma a ƙarshen 2023 aka yi masa tiyata, 2024 ta wuce bai yi jifa ba. Gerrit Cole na Yankees, wanda ake buga misali da lafiyarsa, ya yi turmi 209 a 2023, sai gwiwa ta hana shi fara kakar 2024 sai a watan Yuni, ta kuma raba shi da 2025 ɗungurungum. Haka nan suna nuna Chris Sale, wanda turamensa daga 2020 zuwa 2023 duka 151 ne, amma ya koma Atlanta yana ɗan shekara 35 ya yi nasara 18, ya kori 225, ya karɓi lambar a 2024. Shi kansa deGrom ya buɗe wasa 30 a 2025.

Gaskiya ne juriyar bara ba alkawarin bana ba ce. Sai dai in aka bi wannan hujja har ƙarshenta, abin da take koyarwa shi ne kada a zuba dukiya mai yawa a kan mutum ɗaya. Kafin kakar 2024 Spencer Strider na Atlanta ne a saman yawancin jeri, saboda nasara 20 da kora 281 da ya yi a 2023. Wasa biyu ya buɗe, aka yi masa tiyata a Afrilu. Waɗanda suka sayi Sale a shekarar kuwa da araha suka saye shi, domin kowa yana gudunsa. Ribar Sale daga arahar ta fito. Mai tarihin rauni abin saye ne in farashinsa ya sauko daidai da haɗarinsa, amma in an kai shi farashin mai lafiya, caca ce aka yi ba ciniki ba.

Kammalawa

Saboda haka, jerin da zai amfani mai shi sai ya bi matakai uku. Da farko a tace masu jifa da kora da kyautar hanya, a ajiye nasarar bara gefe. Na biyu, a tambayi turmi nawa ake sa ran kowannensu zai yi, a duba shekara uku da suka wuce, da irin tiyatar da aka yi masa, da ko ƙungiyarsa tana da niyyar taƙaita masa aiki. Na uku, a jera su rukuni-rukuni maimakon ɗaya bayan ɗaya, domin tazarar da ke tsakanin na bakwai da na goma sha biyu sau da yawa ba ta kai yadda lambobin suke nunawa ba, kuma mai haƙuri yakan sami biyu daga rukunin tsakiya da kuɗin da wani ya sayi ɗaya.

Lalle ne kuma masu rubuta jeri su faɗi iyakar saninsu. Mai karatu yakan ɗauki lamba ta ɗaya kamar hukunci, alhali ƙiyasi ce a kan jijiyar ɗan'adam wadda ko likitan ƙungiya ba ya iya rantsuwa a kanta. Wanda ya rubuta suna ya sa lamba, ya kamata ya rubuta haɗarin a gefensa, don mai saye ya san abin da ya saya kafin a buga ƙararrawar gwanjo.