Koren fitila ba shaida ba ce

Wannan mako mun yada zango a Cadawa, bisa babbar hanyar Maraɗi zuwa Agye, garin da ya yi suna a cinikin aya. A can wani mai shagon aika kuɗi ya kawo mini kuka: fitilar rutarsa kore shar, amma kuɗin mutane sun ƙi tafiya, har wani dillali ya zarge shi da ha'inci.

Wannan fitila ba ta faɗin komi sai cewa ruta tana jin eriyar kamfani da ke kusa. Abin da ya faru bayan eriya, ko an yanke wayar fibar a hanya, ba ruwanta. Ku tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke daura da gaɓar Kodibuwa: intanet ta raunana har Nijar, alhali eriyoyinmu suna tsaye.

Magani yana cikin rutar kanta, sai dai sau da yawa masu girkawa ba su kula shi. Rutoci da dama suna iya aika ɗan saƙon gwaji, wanda ake kira ping, zuwa wani adireshi mai nisa, su jira amsa. A na MikroTik sunan abin Netwatch. A ba ta adireshi biyu, kamar 8.8.8.8 na Google da 1.1.1.1 na Cloudflare, don kada shirun ɗaya ya sa a yanke wa layi hukunci bisa zalunci. A sa ta tambaya duk daƙiƙa 10. In ta rasa amsa sau uku a jere, ta ɗauka layi ya mutu, ta koma kan na biyu. Wanda ya sa sau ɗaya tak zai ga rutarsa tana tsalle tsakanin layuka duk sa'ad da rezo ya yi atishawa, kuma kowane tsalle yana iya katse aiken da ke kan hanya. Haka nan kada ta yi gaggawar komawa layin farko: ya yi minti biyu ko uku yana amsawa tukuna. Masu tsoron ƙarewar forfe su kwantar da hankali, gwajin adireshi ɗaya bai fi mega ɗaya da rabi a kwana ba.

Layi na biyu kuwa ya zama na wani kamfani dabam: in na farko Airtel ne, na biyu ya zama Moov, Zamani ko Niger Télécoms. Duk da haka hanyarsu ta fita ƙasa tana iya haɗuwa. Mai hali ya duba Starlink, da ya fara aiki a ƙasarmu cikin 2025. Wannan magana ta shafi ma'aikatan magajin gari da na likita kamar yadda ta shafi ɗan kasuwa.

Kafin a sallami mai girkawa, a zare sim na farko gabansa, a duba agogo. In minti ɗaya ya wuce layi na biyu bai kama ba, aiki bai ƙare ba, kuɗinsa su jira.