Kura Da Shan Bugu: Ina Ladan Garba Lawal?

Ranar Lahadi da ta wuce musu ya kaure a wani gidan kallon ƙwallo da ke Rijiyar Zaki, ana jiran a kawo wuta. Aka ce kowa ya lissafo gwanayen da Nijeriya ta taɓa yi. Wannan ya ce Okocha, wancan ya ce Kanu, wani ya ce Yekini. Da na ce Garba Lawal, sai wani yaro ya tuntsire da dariya, wai shi wannan me ya taɓa yi? Wallahi abin ya ci mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mai karatu, koma da ni ranar 13 ga Yunin 1998, garin Nant na ƙasar Faransa. Sifaniya na cin mu biyu da ɗaya, Raul ya jefa ta biyun, jikin kowa ya yi sanyi. Wa ya kutsa ta hagu ya doko ƙwallon da mai tsaron gida Zubizarreta ya tura cikin ragarsa da hannunsa? Garba ne, ɗan Kaduna. Bayan minti biyar Oliseh ya narka tasa daga nesa, aka tashi uku da biyu. Yau kowa ta Oliseh yake tunawa. To, da ba a farke ba, ƙwallon Oliseh kunnen doki kawai za ta ba mu.

Laifinsa ɗaya, ba ya ƙin aiki. A sa shi lamba sha ɗaya ya buga, a mai da shi tsakiya ya tare, a ce babu lamba uku ya koma baya ba gunaguni. Shi ke bin ɗan wasan da ya kuɓuce, shi ke toshe ramin da masu yanka suka bari in sun tafi neman tafi. Irin wannan aiki ba ya fitowa a taƙaitaccen hoton da ake maimaitawa bayan wasa.

Masu cewa sa'a ce ko alfarma, ga tambaya. Bonfrere ya tafi da shi Atlanta a 1996 aka ciwo zinare. Bora ya kai shi kofin duniya na 1998, Onigbinde ya kai shi na 2002. Amodu, Chukwu da Eguavoen duk sun ɗauke shi zuwa kofin Afirka, wanda ya buga sau huɗu daga 2000 zuwa 2006. Koci shida, Turawa da 'yan gida, duk makafi ne, ku ne masu ido? A Masar ma, a 2006, shi ya ci Senegal ƙwallo ɗaya tilo da ta ba mu matsayi na uku.

Mu da muka tashi cikin gonaki bai kamata a koya mana wannan ba. Ranar sallah doki ake yi wa kwalliya, amma jakin da ya kai taki gona shi ya cika rumbu. Abin da nake tsoro shi ne yaranmu da ke buga ƙwallo a filayen makaranta: kowa so yake ya zama lamba goma, ba mai son ya tare, domin sun ga wanda muke yi wa tafi.

Yaron nan na gidan kallo, in kana karantawa, nemi faifan wasan Sifaniya ka zauna ka kalla, ka bar bin ƙwallo da ido, ka bi Garba. Sannan ka zo mu ƙarasa musun.

Allah ya sa mu riƙa yaba wa mutum tun yana ji.