WAYA BA ASIBITI BA CE

Yau maganarmu a kan 'ya'yanmu ce da ƙannenmu waɗanda ƙwaya ta kama, da kuma wani sabon magani da muka ji 'yan boko suna ta yabo, wai yana cikin wayar hannu.

Makon jiya wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta shigo ofishin reshenmu. Ɗanta ɗan kabu-kabu ne, shekararsa 23. Ya fara shan tiramol don ya yini bisa babur ba gajiya, yanzu kuwa in bai sha ba ko tashi daga tabarma ba ya iyawa. Ta ce, "Malam akawu, ka rubuta mini takarda zuwa inda za a karɓe shi." Muka ɗauki biro, muka rubuta kwanan wata, sai muka tsaya, domin ba mu san sunan wanda za mu sa a kan takardar ba. Wani saurayi mai ilmi da ke zaune nan ya ce, "Inna, ai yanzu akwai manhaja a waya mai koya wa irinsu yadda za su kwantar da hankalinsu." Tsohuwa ta kwance bakin zanenta, ta fito da 'yar ƙaramar waya mai tocila, ko caji babu. Ta ce, "Ɗana, shi wannan abin, in yaron ya faɗi yana jijjiga da tsakar dare, yana riƙe shi?" Ba wanda ya amsa mata.

To, mu ba maƙiyan ilmi ba ne, mu ma allon boko muka bi, saboda haka bari mu faɗi gaskiyar abin tukuna. Manhaja wani ɗan shiri ne da ake saukarwa a babbar waya. Irin wadda ake magana a kai tana koya wa mai shaye-shaye dabarun danne zuciya. Ta ce ya ja numfashi a hankali yana ƙirga huɗu, ya sake shi yana ƙirga shida, har bugun zuciya ya sauka. Ta koya masa cewa ƙwaɗayin ƙwaya kamar guguwa yake, yana tasowa, ya yi ƙarfi, kana ya lafa in an jure ba a biye masa ba. Ta sa shi ya lura da abin da ke tayar masa da shi, ko yunwa ce, ko fushi, ko kaɗaici, ko zama da tsofaffin abokai. Wannan duk gaskiya ne, kuma yana da amfani. Ba ma baƙon abu ba ne gare mu, gama tun muna yara iyaye da malamai suke cewa wanda ransa ya ɓaci ya zauna in yana tsaye, ya sha ruwa, ya kama bakinsa har zuciya ta huce.

Abin da muke ƙi shi ne a miƙa mana waya a ce an ba mu asibiti. Mun san halin mahukunta. Duk abin da ba ya bukatar gini, ba ya bukatar albashin likita, amma ana iya kiran 'yan jarida a yanka masa kirtani a Gusau, to shi suke so. Don haka muke magana tun abin bai iso ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku dubi inda aka ƙago abin. A Amurka, cikin 2017, hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta yarda da wata manhaja mai suna reSET domin masu shaye-shaye. Amma da sharaɗi: likita ne ke rubuta wa mutum ita, kuma ana amfani da ita ne tare da zuwa asibiti, ba a madadinsa ba. Watau ko a ƙasar da likitoci suka wadata ba su yarda waya ta yi aikin ita kaɗai ba. Sa'an nan cikin 2023 kamfanin da ya yi ta, Pear Therapeutics, ya karye. Ashe maganin da ke hannun kamfani yana iya mutuwa ya bar majinyaci da rai. In haka ta faru ga Ba'amurke, ina ga ɗan kabu-kabun Zurmi?

Yanzu mu dawo gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wa ya manta da Satumban 2021, sa'ad da aka kashe sabis ɗin waya a jihar Zamfara baki ɗaya don yaƙi da 'yan bindiga? An maido wa Gusau bayan wata guda, mu kuwa na nan arewa muka yi kusan wata uku ba kira ba saƙo. A lokacin ne kuma aka rufe kasuwannin mako, har ta Shinkafi mai ci ranar Alhamis, wadda fatake ke zuwa daga Nijar da Kudu. Ku gaya mana, yaron da likitansa ke cikin waya, ina zai sa kansa a irin waɗannan watanni? Ko da sabis ma, sai da babbar waya, sai da data, sai da kuɗin mai caji tun da wutar lantarki baƙuwa ce. Cikin Janairun 2025 hukumar sadarwa ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da rabi. Bayan wannan, galibin manhajojin nan da Turanci suke magana. Kuma duk wanda ya zauna da mai shaye-shaye ya san abin da yake fara sayarwa in aljihu ya bushe: wayarsa ce.

Har wa yau akwai abin da numfashi ba ya warkarwa. Likitoci suna ba da tiramol mai ƙarfin 50 ko 100. Wanda ake sayar wa yaranmu a ɓoye 225 ne ko fiye, kuma yawansa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wanda jikinsa ya saba, ranar da ya bari sai zufa, da zawo, da ciwon ƙashi, da rashin barci. Wannan aikin gado ne da ma'aikacin jinya da magani. In ka ce da mutum a wannan hali ya ƙirga huɗu, ba'a kake yi masa.

Kada kowa ya ce ƙaramin abu ne. Binciken da Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar cikin 2019, ya nuna mutum miliyan 14 da dubu 300 a Nijeriya sun taɓa kayan maye cikin shekara guda, kuma wajen miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma suke. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa a ƙasar duka ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga mutum fiye da miliyan 200. Babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ya fi kusa da mu yana Kware, gab da Sakkwato. Wanda ya san hanyar Shinkafi zuwa Isa ya san abin da ake nufi da a ce wa tsohuwa ta ɗauki ɗanta ta bi ta.

Kuma me ya hana hankalin yaron kwanciya tun farko? An kore shi daga gonar ubansa, ko kuwa sai ya biya 'yan bindiga kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Ya ga an kashe, ya ga an sace. Cikin Yunin 2024 likitocin ƙungiyar MSF da ma'aikatar lafiya suka auna yara ƙanana fiye da dubu 97 a Shinkafi da Zurmi, suka tarar fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Saurayin da ke kallon ƙanensa yana ramewa, ba aikin yi, ba barci da dare, shi ne za a ce ya saurari waya ya huce? Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda tun 1929 don kwasar gyaɗa da auduga. Kakanninmu sun yi dako a tashar nan sun ci abinci. Jikokinsu fa, me suke ɗauka yau?

Ita ƙwayar ma ba daga sama take faɗowa ba. Cikin 2018, bayan BBC ta tona asirin cinikin kodin, gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Aka matsa wa tiramol. Sai ga shi cikin 2025 BBC ta sake nuna wani kamfani a Mumbai ta ƙasar Indiya yana haɗa wata sabuwar ƙwaya yana turo ta Afirka ta Yamma. Kaya ne masu shigowa cikin kwantena, su ratsa tashar jirgin ruwa, su wuce shingaye bila adadin kafin su iso tiren mai talla. Kowa kuma ya san su wa ke raba wa samari ƙwaya a bayan mota in zaɓe ya ƙarato. Amma wa ake kamawa a aske masa kai a nuna wa duniya? Ɗan talaka mai ƙwaya biyu a aljihu. An bar jaki ana dukan taiki.

In hukuma ta ƙi yin aikinta, wani zai yi shi da mari. Ba mu manta da 2019 ba, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa, sa'an nan aka sami irinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne. Ƙofa ɗaya suka gani a buɗe. An sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa cikin Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Madalla. Amma doka a takarda ba ta da gado.

Ba kuwa sai mun je Turai neman dabara ba. Cikin 1954 Dokta Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Majinyaci ya sauka a gidan mutanen ƙauye tare da uwarsa ko wani ɗan'uwa, da safe ya je asibiti, da yamma ya koma cikin jama'a. Duniya ta zo ta koya. Asirin abin shi ne mutum kusa da mutum.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma za mu yi ta nema.

Na farko, a buɗe ɗakin jinyar masu shaye-shaye, da gadaje da ma'aikata, a babban asibitin Ƙauran Namoda, da na Shinkafi, da na Zurmi, har da ɓangaren mata daban.

Na biyu, a koya wa malaman asibitocin ƙauye waɗannan dabarun kwantar da hankali, su koyar da su baki da baki.

Na uku, in za a kawo manhaja, ta zo da murya, da Hausa, kyauta, mai aiki ba sabis. A ɗora ta a memori, masu tura waƙoƙi a kasuwa su tura wa kowa ko a ƙaramar waya. Kuma ya zama akwai mutum mai suna a bayanta wanda za a iya samu a ofis.

Na huɗu, abin da yaro ya faɗa wa waya na sirrinsa kada ya kai hannun mai kamu.

Na biyar, a bi kaya zuwa ga mai kwantena da mai raba su ran zaɓe.

Ku kuma 'yan kasuwa, da sauranku. Mai kemis da mai tire, ku ji tsoron Allah, ribar da aka ci da hankalin ɗan maƙwabci ba ta albarka. Sarakunan kasuwa da shugabannin tasha, ku sa doka a rumfunanku. Wanda ya bar sha, ku ba shi dako, ku ba shi tsaron shago, kada ku bi shi da sunan ɗan ƙwaya har kabari. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, kada ku tambaye shi atamfa da taliya, ku tambaye shi gado nawa ya sa a asibitin garinku.

Takardar tsohuwar nan tana nan cikin aljihun teburinmu, da kwanan wata a samanta, sauran fili. Mun ce mata ta dawo ran kasuwa. Muna jiran mahukunta su gaya mana sunan da za mu rubuta.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba talaka sa'a.

Akawun Reshe,
Ƙauran Namoda.