Baƙin Mai da Garkuwar da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo, ya ratsa Rimin Gado da Kabo, zai ga kwalabe jere a bakin titi cike da baƙin mai. Mai babur ya tsaya, ya ɗiga a yatsa, ya murza, in ya ji kauri sai ya biya. Haka mai injin niƙa yake yi, haka manomin rani mai injin ban ruwa. Abin da ya sa na ɗauko zancen a wannan mako shi ne, abin da yake kare injin ba ya cikin abin da yatsa ke ji.

Baƙin mai kashi biyu ne. Akwai gundarin man da aka tato daga ɗanyen mai, akwai kuma sinadaran da ake zuba masa a masana'anta. Daga cikinsu har da masu hana iskar oksijin lalata shi. Uwargida ta san wannan lalacewa, domin man gyaɗa in ya daɗe a buɗe yakan canza ƙamshi da ɗanɗano. Haka yake faruwa a cikin injin, sai dai zafi yana gaggauta shi. Ƙa'idar da masana ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yakan kusan ninka saurin lalacewar. Mu kuwa a watannin Maris da Afrilu zafinmu kan haura digiri 40, kuma yawancin baburanmu iska ce kawai ke sanyaya su.

Idan oksijin ya ci mai, sai ya haifar da asid mai cin ƙarfe, da dauɗa mai danƙo da ke toshe hanyoyin mai. Man yakan ƙara kauri a wannan hali. Ke nan kaurin da mai saye yake yabawa, wani lokaci shi ne shaidar mutuwar man.

Sinadaran kariya iri-iri ne. Akwai dangin fenol, kamar BHT wanda har a abinci ake sa shi, kuma bitamin E na cikin man gyaɗa ɗan wannan dangi ne. Akwai dangin amin, masu jure zafi mai tsanani. Akwai kuma ZDDP, mai ɗauke da zinki da fosfaras da farar wuta, wanda ake amfani da shi tun shekarun 1940, yana hana lalacewar mai, yana kuma rage cin ƙarfe. Dukkansu hali ɗaya gare su: kansu suke sadaukarwa. Suna tare ɓarna, suna ƙarewa. Ranar da suka ƙare, man ya zama tsirara.

A nan ne cutar take. Tsohon man da aka juye daga wani injin, aka tace, aka zuba a kwalba, zai iya yin kyan gani, amma tacewa ba ta dawo da garkuwar da ta ƙare. Haka ma gundarin man da ba a zuba masa komai ba. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, kowa yana neman inda zai rage kashe kuɗi, kuma ba na ganin laifin talaka a kan haka. Amma arha ba ta ado. Ɗan canjin da aka tsira da shi yau, gobe bakanike zai karɓe shi ninki-ba-ninki idan injin ya buga. Ga manomin da tumatirinsa ke jiran ruwa, kwana uku ba injin na iya zama asarar shekara.

Shawarata ga mai injin: ka sayi mai a rufaffen mazubi mai hatimi, ka duba alamar API da lambar SAE, ka yi juye a lokacin da kamfanin injin ya ƙayyade, ka ma rage tazarar a lokacin zafi da ƙurar hunturu. Ga ƙungiyoyin masu babura da manoma, ku haɗa kuɗi ku sayi katan daga amintaccen dila, ku raba. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki kuwa, ya kamata bincikenta ya riƙa isa kasuwannin ƙauye, domin a can ne mai injin ɗaya tilo yake, wanda in ya rasa shi ya rasa abincin gidansa.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu.