Kafin a Zuba Baƙon Kifi a Ruwan Kano

Duk shekara idan damina ta kankama, ruwa ya kwanta a kwatocin Gyadi-Gyadi da lungunan Tarauni, masu zazzaɓin cizon sauro suka yi ta tururuwa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, hankalin mai tausayin jama'a yakan tafi ga kowace dabara, har da tsohuwar dabarar nan ta zuba ƙananan kifaye su cinye 'ya'yan sauro tun suna cikin ruwa. Ni ina ganin wajibi ne a yi hattara, kuma hujjata tana cikin ɗabi'ar kifin ne kansa.

Kifin da ake kira gofi, ɗaya daga cikin waɗanda ake zubawa don wannan aiki, wanda asalinsa Tirinidad ne da Benezuwela, ya saɓa wa tarwaɗa da karfasa da muka sani, domin macensa ba ta zuba ƙwai. Tana riƙe su a cikinta kamar wata guda, sa'an nan ta haifi 'ya'ya rayayyu masu iyo nan take. Abin da ya fi wannan ban al'ajabi, tana iya ajiye maniyyin namiji watanni, ta yi ta haihuwa ba tare da sun sake saduwa ba, ta yadda mace guda, idan ta faɗa kududdufi, ta isa ta kafa zuriya.

Haka kuma ba ya tsayawa a kan siffa ɗaya. Masana, irin su John Endler da David Reznick, sun ɗebe shi daga rafukan Tirinidad masu manyan kifaye mafarauta suka kai shi inda hatsarin ya yi sauƙi, sai ga shi bayan 'yan shekaru launin mazan ya ƙara haske. Binciken da aka buga a 1990 kuwa ya nuna cewa cikin shekara 11 zuriyar ta koma jinkirta balaga, tana haihuwar 'ya'ya kaɗan amma manya. Wannan aya ce ga mai tadabburi a kan hikimar Mahalicci, wanda ya sanya wa halitta damar daidaituwa da muhallinta. Sai dai ita ce kuma dalilin da ya sa, idan ya shiga ruwa, fitar da shi ke gagara. Ɗan'uwansa gambusiya, da aka fara kaiwa Hawai a 1905 saboda sauro, yau yana cikin jerin baƙin halittu 100 mafiya ɓarna a duniya, don yana cin ƙwai da 'ya'yan kifayen gida.

Amfanin ma da ake kwaɗayi bai tabbata ba, domin sauron zazzaɓi ya fi son ƙananan tsaye-tsayen ruwa masu bushewa da wuri, inda kifi ba zai rayu ba. Abin da ya kamaci hukumar Tarauni da masu unguwanni shi ne yashe kwatoci da cike ramuka kafin ruwan farko, malaman Jami'ar Bayero kuma su bincika mana ko a cikin kifayenmu na gida akwai wanda zai iya wannan aiki.