KUƊIN BINCIKEN NONO SU BI INDA ƘASA TA DOSA

'Yan uwa, duk wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram da bazara ya ga abin da za mu faɗa. Mai fura tana damu da garin madara na buhu, alhali ƙasarmu ta makiyaya ce. Ƙwaryar nonon Bafillatana ta yi wuya, garin Turai kuwa ga shi a kan kowane tebur.

A sani, da yawa cikin garin nan ba madara ba ce tsantsa. Ana tsame man shanun tun can, a zuba man ja a madadinsa don ya yi araha. Ya ƙara kwararowa tun 2015, sa'ad da ƙasashen Turai suka ɗage wa manomansu iyakar madarar da za su tatsa. A 2015 ɗin ne kuma tsarin duwan na CEDEAO ya aza masa kashi 5 cikin ɗari kacal.

Gwamnati ta daɗe da faɗin inda ta dosa. A 2003 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo za su ba noma da kiwo kashi 10 cikin ɗari na kasafin kuɗi. A 2012 aka kafa shirin 3N, wato 'yan Nijar su ciyar da 'yan Nijar. Madalla. To, kuɗin bincike fa, sun bi wannan hanya?

Malamanmu ba su gaza ba. Tun 1954 ake zaɓen irin saniyar Azawak a Tukunus, kusa da Filinge. INRAN tana nan tun 1975. Amma sau da yawa kuɗin aikin daga waje suke fitowa, kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Baƙo shi ke zaɓen tambaya, a yi 'yan shekaru, a rubuta rahoto da Faransanci, ya tattara ya koma.

Tambayarmu kuwa makiyayi ya san ta tun kakanni. Da damina nono ya yi yawa har ya lalace a ruga, don ba hanya, ba wurin sanyaya shi. Da rani saniya ta rame, hantsa ta bushe. Nan ya kamata kuɗin su sauka: yadda za a adana harawa da kara da burgu har su kai bazara, yadda dusa za ta wadata, yadda za a sanyaya nono da wutar hasken rana a ƙauye, yadda cukun matanmu zai daɗe ya kai Yamai da tsabta. Saniyar Turai mai bukatar inuwa da likita kullum, a dakata da ita tukuna.

Kowane reshe, a taro mai zuwa, ya kira makiyaya da mata masu tallar nono. A tambaye su watan da nono ke yankewa, da nawa suke sayen buhun dusa. A rubuta, a aiko mana kafin a zauna kan kasafin kuɗin baɗi.