Minna Ta Wuce Inda Takarda Ta Ce Ta Tsaya

Yau ina so in taɓo wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato halin da unguwannin bayan garin Minna ke ciki, irin su Maitumbi da Shango da Chanchaga da Gidan Kwano.

Ga wanda bai san Minna ba, asalinta ƙasar Gwari ce. Jirgin ƙasa ne ya raya ta a farkon ƙarni na 20, sannan ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976. 'Yan kasuwa daga Kano da Katsina da Sakkwato suka biyo layin dogo suka yada zango a Limawa da Kwangila da Sabon Gari. Da cikin gari ya cika, haya ta yi tsada, sai aka fantsama waje. Mahaifina ya ce lokacin da ya sayi filinmu a Maitumbi, gonakin doya ne suka kewaye shi. Yau ko wurin ɗaure akuya babu.

To ga inda gizo ke saƙa. Tsakiyar gari tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Chanchaga. Kewayen kuwa na Bosso ne, wadda hedkwatarta ke can Maikunkele, wajen filin jirgin sama. Abin dariya ma, ita kanta unguwar Chanchaga mazaɓa ce a Bosso, ba a ƙaramar hukumar da ta ci sunanta ba! Mutum zai wuni a Kasuwar Kure, ya biya kuɗin rumfa a can, da magariba ya koma ya kwana a wata hukuma daban da ke lissafa unguwarsa kamar ƙauye. Maitumbi duk yawan jama'arta kansila ɗaya gare ta, daidai da Beji ko Garatu.

A ƙidayar 2006 an samu mutum sama da dubu 200 a Chanchaga, kusan dubu 150 a Bosso. Tun daga nan ba a sake ƙirga kowa ba. Amma ɗaliban jami'ar fasaha sun mai da Gidan Kwano gari guda, ga kuma bayin Allah da 'yan bindiga suka koro daga Shiroro da Munya da Rafi, waɗanda da yawansu a bayan gari suka raɓe wurin dangi.

Saboda haka mu ke riƙe da kanmu. Taransifoma ta ƙone, a bi gida-gida da littafi. 'Yan sintiri, mu ke biyansu duk wata. Ruwa sai na 'yan garuwa. Idan damina ta yanke hanya, matasa su fito da shebur ranar Asabar, Bagware da Banufe da Bahaushe da Bayarabe, ba mai tambayar wani asalinsa. Kuma ka ji wani abin haushi, ta Maitumbi ake bi a je madatsar Shiroro, amma mu kwana uku muna kallon waya ba wuta.

Wasu na cewa a ba mu ƙaramar hukumarmu. Ni dai ban ga alamar haka kusa ba, domin guda 774 ɗin nan a rubuce suke cikin tsarin mulkin 1999, taɓa su ba wasa ba ne. Abin da ya fi sauƙi shi ne gwamnati ta riƙa yanka filaye ta fitar da tituna da magudanan ruwa kafin a yi gini, tun da dokar filaye ta 1978 ta ba gwamna wannan iko.

Sai kuma namu ɓangaren, 'yan uwana baƙi. Da an ce ƙidaya ko rajistar zaɓe, sai ka ga tasha ta cika, kowa zai tafi "gida" a rubuta shi a can. Mutum ya shekara 30 a Maitumbi, 'ya'yansa duk nan aka yanke musu cibiya, amma katinsa na Funtuwa ne. Ran da zai je wurin kansila neman rijiyar burtsatse, da wane baki zai yi magana?